RUBUTACCEN SHIRI: Daga Ina Liman Zai Ci? Lawiyawa, Gonar Malam Da Bakin Tafkin Kainji

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na Yelwa, Wara, Birnin Yauri da Shanga, don yau maganar za ta biyo ta ƙofar gidanku.

Tambayar yau gajeriya ce: limamin unguwarku, ko malamin da ke karantar da ƙannenku allo, ko faston ƙaramin cocin ƙauyenku, daga ina yake ci? Wa ke biya masa kuɗin magani idan ɗansa ya kwanta? Yawancinmu ba mu taɓa tambaya ba. Muna so ya riga kowa zuwa Asuba, ya raɗa suna, ya ɗaura aure, ya sallaci gawa, ya raba gardamar gado. Ranar da ya makara sai surutu. Amma batun tukunyar gidansa, sai mu ce Allah zai ba shi.

Wannan matsala tsohuwa ce ƙwarai. Akwai al'ummar da ta zauna ta tsara mata doka tun shekaru dubbai da suka wuce, wato Bani Isra'ila. Za mu fara da su, sannan mu dawo gida. Abin da zan kawo game da su yana cikin Attaura da littattafan tarihinsu kamar yadda suke a hannun Yahudawa da Kirista a yau.

SU WAYE LAWIYAWA?

Annabi Yaƙub yana da 'ya'ya maza 12, ɗaya daga ciki sunansa Lawi. Zuriyarsa su ne Lawiyawa, kuma daga cikinsu Annabi Musa da Annabi Haruna suka fito. An keɓe wannan kabila don hidimar ibada. 'Ya'yan gidan Haruna su ne firistoci, wato masu miƙa hadaya. Sauran Lawiyawa su ke ɗaukar alfarwar sujada idan an tashi tafiya, daga baya da aka gina Haikali a Urushalima suka zama masu tsaron ƙofa, mawaƙa, ma'aji da masu koyar da shari'a.

To, da aka zo rabon ƙasar Kan'ana, kowace kabila ta samu yankinta, ban da Lawi. Ko da haka rabon bai kasa 12 ba, saboda 'ya'yan Annabi Yusuf biyu, Ifraimu da Manassa, kowanne an ba shi kaso. Dalilin da aka bayar na hana Lawi shi ne hidimar Ubangiji ita ce gadonsu.

Ka tsaya ka yi tunani. A duniyar da kowa manomi ne ko makiyayi, a ce kabila guda ba ta da ƙasa. Da an tsaya nan, yunwa aka yanke musu. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa dokar ta ci gaba, ta tanadar musu wurin zama, wurin kiwo da abinci.

GARURUWA 48 DA HURUMINSU

Littafin Ƙidaya sura 35 ya ce kowace kabila ta yanko garuruwa daga rabonta ta ba Lawiyawa, babbar kabila ta ba da da yawa, ƙarama ta ba da kaɗan. Jimla garuruwa 48. Littafin Joshuwa sura 21 ya jero sunayensu: gidan Haruna 13, sauran gidan Kohat 10, gidan Gershon 13, gidan Merari 12. Shida daga cikin 48 ɗin biranen mafaka ne, irin su Hebron da Shekem, inda wanda ya yi kisa bisa kuskure zai gudu kada dangin mamaci su kashe shi kafin a yi shari'a.

Kowane gari kuma an kewaye shi da filin kiwo, kamu 1,000 daga ganuwa, wato kusan rabin kilomita. Mu Hausawa muna da sunan irin wannan fili: hurumi. Littafin Firistoci sura 25 ya sa masa sharaɗi mai ƙarfi. Balawe zai iya sayar da gidansa idan ya matsu, kuma yana da ikon fansarsa ko yaushe. Amma hurumin nan ba a sayar da shi sam. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai abinci. Kowane manomi da makiyayi zai fitar da ushiri, ɗaya bisa goma, a ba Lawiyawa. Su ma ba su tsira ba, sai sun cire ɗaya bisa goma na abin da suka karɓa sun ba firistoci. A Maimaitawar Shari'a kuma an ce duk shekara ta uku a tara ushirin a cikin gari, Balawe ya ci, baƙo ya ci, maraya da gwauruwa su ci. Ka ga an jera mai hidimar addini sahu ɗaya da maraya, domin dukansu ba su da gonar da za su dogara da ita.

Hikimar tsarin a fili take. An warwatsa su cikin kabilu don kowane yanki ya samu mai koyarwa kusa. Ba a ba su babbar ƙasa ba, don kada masu addini su zama manyan masu gandu. Ba a kuma bar su hannu sake ba, don kada su zama mabarata.

DA TSARIN YA KARYE

Abin da ke rubuce daban, abin da ya faru a ƙasa daban. Masana tarihi da yawa suna ganin jerin garuruwa 48 ɗin ya fi kama da manufa, domin wasu garuruwan, kamar Gezer, sun daɗe ba su ma shigo hannun Bani Isra'ila ba. Littattafan nasu da kansu sun ba da labarin abin da ke faruwa idan jama'a suka daina ba da hakkin.

A Littafin Mahukunta sura 17 akwai wani saurayi Balawe da ya bar Baitalami yana yawon neman wurin zama. Wani mai hali, Mika, ya ɗauke shi ya zama firist na gidansa a kan azurfa goma a shekara, da tufafi da abinci. Gidan kuwa da gumaka a ciki, kuma saurayin ya zauna. Da mutanen kabilar Dan suka zo suka nuna masa cewa hidimar kabila guda ta fi ta mutum ɗaya, sai ya kwashi kayan ya bi su. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na biyu a zamanin Nehemiya ne, gwamnan Yahudiya ƙarƙashin daular Farisa, fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya yi tafiya zuwa fadar sarki, da ya dawo ya tarar an daina ba Lawiyawa rabonsu, su da mawaƙa duk sun watse sun koma gona, Haikali ba masu hidima. Ya tsawata wa shugabanni, ya dawo da masu hidimar, sannan ya naɗa amintattun ma'aji a kan rumbunan.

Wato idan ba a ciyar da mai hidimar addini ba, ko dai ya koma aljihun mai kuɗi, ko ya ajiye aikin. Waɗannan biyun duk mun san su a unguwanninmu.

BAMBANCIN DA KE AKWAI A MUSULUNCI

Kada wani ya ce na ce malamai Lawiyawa ne. A Musulunci babu kabilar da aka keɓe wa limanci, ɗan masunci zai iya zama babban malami idan ya yi karatu. Zakka ma ba albashin malami ba ce. Alƙur'ani ya ƙayyade masu cin zakka kashi takwas, kuma liman a matsayinsa na liman ba ya cikinsu. Idan talaka ne zai karɓa a matsayin talaka. Dangin Manzon Allah (SAW) ma an haramta musu cin zakka.

To daga ina aka tsara masu hidima su ci? Daga baitulmali, da kuma wakafi, wanda ake kira hubusi. Wakafi shi ne ka tsayar da asalin dukiya, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, amfanin da take fitarwa kaɗai ake ci. Sayyidina Umar ya yi haka da gonarsa ta Khaibar. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Jami'ar Azhar ta Masar ta yi ɗaruruwan shekaru tana ciyar da malamai da ɗalibai daga wakafi. Ka ga inda ya haɗu da hurumin Lawiyawa? Duka biyun ƙasa ce da aka cire daga kasuwa domin aikin ya fi mutum ɗaya tsawon rai.

YADDA KAKANNINMU SUKA YI

A ƙasar Hausa, idan malami ya sauka a gari, mai gari kan yanka masa fili a gefen gari, ya kafa tsangaya ya yi gona. Da damina almajirai su yi karatu da asuba da dare, da hantsi su shiga gona. Wani lokaci matasan gari su yi masa gayya. Da kaka, manomi ya ware dami ɗaya cikin goma, wani kaso ya nufi gidan malam tunda yana cikin mabukata, ga kuma baƙin yara a hannunsa. Ga kuɗin Laraba, ga sadakar sauka, ga zakkar kono da ƙaramar Sallah, ga fatar layya. Ba wanda ya kira wannan albashi, amma idan ka haɗa shi, ya riƙe gida shekara guda.

Malaman jihadi ma ba su bar maganar ƙasa a baki kawai ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahin Gwandu, ya rubuta littafi a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita: ta hanyar raya ta, ko shugaba ya yanka wa mutum, ko a keɓe ta don amfanin jama'a. Shehu Usmanu kuma ya yi kakkausar suka ga malaman da ke sayar da fatawa a ƙofar sarakuna, kuma an ruwaito cewa shi kansa yana tufkar igiya don ya ci daga guminsa. 'Yan'uwa Kirista ma sun san Manzo Bulus da sana'ar ɗinkin tanti.

Me ya karya tsarin? Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun narkar da zakkar amfanin gona cikin harajin gwamnati, kuɗin kuma aka karkata su ga ayyukan En'e da makarantun boko. A 1910 aka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, a 1978 kuma dokar amfani da ƙasa ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Amma babban raunin daga cikin gida yake. Gonar malam yawanci ba a rubuta ta ba, ba a kuma ce wakafi ce ba. Idan malam ya rasu sai ta shiga gado, 'ya'ya su raba, gari ya faɗaɗa, a yanka ta fuloti. Wanda ya gaji allon bai gaji gonar ba. Dokar Lawiyawa ta hana sayar da hurumi. Mu kuwa mun bar namu a kan amana da fatar baki.

MU DAWO BAKIN RUWA

Yanzu ku zo mu duba Yauri, Ngaski da Shanga, don nan maganar tana da wata fuska ta daban.

Abu na farko, mutanen nan sun san abin da ake nufi da rasa ƙasa. An fara gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, tafki ya mamaye sama da murabba'in kilomita 1,200. An tayar da mutane kimanin 44,000. Tsohuwar Bussa ta nutse. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun bar tsibiran da kakanninsu suka yi suna da noman albasa a kai, aka mai da su sababbin ƙauyuka a gaɓa. An gina gidaje, amma ƙasar gungu mai laka da ambaliya ke sabuntawa duk shekara, injiniya ba ya gina ta. Al'ummar da gonarta ta ragu, abin da take warewa na hidima shi ke fara raguwa. Ƙara da ambaliya irin ta 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi, da rashin tsaron da ya hana wasu ƙauyukan Ngaski da Shanga zuwa gonakin nesa a shekarun nan.

Abu na biyu, wanda ba kasafai ake lura da shi ba: arzikin bakin tafki albasa ne da kifi da shinkafa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, zakkar amfanin gona tana kan hatsi, da dangin wake, da irin da ake matsar mai, da dabino da zabibi. Shinkafa na ciki, dawa da gero na ciki. Idan amfani ya kai nisabi, sa'i 300, wanda malaman zamani da yawa ke lissafawa kusan kilo 650, za a fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin idan da inji aka yi ban ruwa. Wato mai shinkafar rani da ya samu buhu 40, buhu 2 ne hakkin.

Albasa kuwa ba ta cikin wannan jeri, kifi ma haka. Mai albasa zai iya loda tirela a Yauri, ba a ce ya cire buhu ɗaya cikin goma ba. Zakkarsa tana kan kuɗin, kashi 2.5 cikin ɗari, idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo suna hannunsa. Kuɗin albasa nawa ne ke kwana shekara? Aure, gini, babur, taki, sun tafi. Mazhabar Hanafiyya tana ganin a fitar daga duk abin da ƙasa ta tsirar, amma wannan magana ce ta malamai, kowa ya tambayi nasa. Abin da nake so ku gani shi ne: tsohon tsarin dami ɗaya cikin goma an gina shi ne a kan dawa da gero. Garin da ke rayuwa a kan albasa da kifi zai iya yin arziki, rumbun malam na nan wayam, ba tare da kowa ya karya doka ba.

Sakamakon muna ganinsa. Malam ba gona, ba dami, ga yara 50 a gabansa. Yaran su fita da kwano zuwa tasha da kasuwa. Shi kuma ko ya koma jiran ambulan ɗin ɗan siyasa, ko ya bar allon ya hau kabukabu. A ƙananan coci-coci na ƙauyukan yankin ma labarin bai bambanta sosai ba. Baikon Lahadi na manoma kaɗan ne, mai bishara yana jiran godiyar kaka, idan damina ta ƙi, shi ma ta ƙi masa.

GINI BA YA CIYARWA

Gwamnati ta gwada nata. Daga 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani 157, ta farko a Gagi, Sakkwato. Da yawa sun lalace, domin an yi gini ba a tanadi abin da zai riƙa ciyar da ginin ba. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kano na da hukumar zakka da hubusi tun 2003, Sakkwato da Zamfara ma suna da nasu. Ƙungiyar Izala kuma ta nuna abin da tsari ke iya yi, da fatun layya kawai da take tarawa duk shekara. Amma ba hukumar da za ta san halin limamin kowace tunga. Wannan aikin mutanen tungar ne.

Ga abin da nake ganin matasa za su iya ɗagawa a taron gari ko kwamitin masallaci.

Na ɗaya, a tambayi dattawa tun suna raye: akwai gonar da aka taɓa ware wa masallaci ko makaranta? Ina iyakarta? A rubuta, shaidu su sa hannu, hakimi ya sani.

Na biyu, duk wanda zai ba da fili, a rubuta shi wakafi ne na aikin, kada a sa sunan malam. Malam ya ci amfani muddin yana kan aiki, idan ya rasu ko ya tashi, na bayansa ya ci gaba. A nemi takardar mallaka daga ƙaramar hukuma, idan da hali a yi wa amintattu rajista don filin ya zauna da sunansu.

Na uku, ba dole sai gona ba. A bakin tafki, kwalekwale mai inji, ko injin ban ruwa da ake bayarwa haya, ko rumbun ajiyar albasa, ko shago a kasuwa, duk suna iya zama wakafi. Masu albasa da masunta kuma su yanka wa kansu sadaka sananniya, ko buhu ɗaya ne a kaka, tunda zakkar dami ba ta hau kansu ba.

Na huɗu, darasin Nehemiya: a naɗa ma'aji fiye da ɗaya, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a. Kuɗin addini da ba a lissafinsa shi ke raba masallaci biyu. Kuma tunda an ɗauki nauyin malam, jama'a na da bakin cewa kada a ƙara tura yaro bara, kada kuma a karɓi yaran da suka fi ƙarfin rumbun.

Wani zai ce, ai aikin Allah ne, lada na lahira. Gaskiya ne, ladansa na wurin Allah. Amma buhun masara a kasuwar Yauri ba a sayar da shi da lada, kuma malamin da ya san abincin gidansa ba ya hannun mutum ɗaya, shi ne zai iya kallon mai kuɗin unguwa ya gaya masa gaskiya.

Nan za mu dakata. Ku gaya mana a ƙasa: a garinku akwai gonar masallaci, ko ta makaranta, ko ta coci? Tana nan, ko an yanka ta fuloti? Mutanen Wara, Shanga da Birnin Yauri, ku tambayi kakanni yadda ake yi kafin ruwa ya zo, ku rubuto mana. Ku kuma tura wa na kusa da ku da ke cikin kwamitin masallaci. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.